Shukar Watan Safar

Sabuwar Marke,
ta Ƙafin Maiyaki.
16 ga Fabrairu, 1975.

Zuwa ga Yaya Jibrin,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Maimuna da yara. Yaya sanyi? Mu nan na bana ya fi ƙarfinmu. A tsohon garinmu itatuwa ne ke tare mana iska. Nan kuwa da aka zube mu fili ne fetal, ga ruwan dam ɗin Tiga shimfiɗe gabas da mu, duk iskar da ta biyo ta kansa har ƙashi take shiga.

Bayan gaisuwa, maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne. Ban so in sa wani ya rubuta mini ba, don maganar ba ta kunnen kowa ba ce.

Jikinsa lafiya lau, yana ci yana sha. Kansa ne ya taɓu. Abin ya soma tun da muka taso daga Marke, amma a da mantuwa ce kawai, irin ya nemi carbi alhali yana hannunsa. Yanzu ya wuce nan. Shekaranjiya ya kira ni da sunan Inna, ya ce in ɗumama masa tuwo zai tafi gonar bakin rafi. Na ce, “Baba, Inna ta daɗe da rasuwa, gonar bakin rafi kuma ruwa ya cinye ta.” Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, “Ke dai Kande ba kya rabo da wasa.” Can an jima ya dawo hayyacinsa, yana tambayata me ya sa ni kuka.

Mutane ba su sani ba. Har yanzu suna zuwa zaure gaishe shi, ranka ya daɗe Sarkin Noma, shi kuma gaisuwa ba ta ɓace masa ba, yana amsawa tsaf kamar da. In na ji hirar za ta yi tsawo sai in leƙo in ce abincinsa zai huce.

Yaya, na gaji. Tun rasuwar maigidana Shu'aibu da na dawo gida, ni kaɗai ce a kansa. In na tafi rijiya hankalina yana gida, in na dawo ban san abin da zan tarar ba. Ka zo ka ɗauke shi ya zauna wurinka a Doguwa, ko Allah zai sa ganin duwatsu da jikoki ya ɗauke masa tunanin garin da babu shi. In ba haka ba, ka ba ni izini in faɗa wa Baba Alasan mai unguwa, tunda amininsa ne, ya riƙa taya ni sa ido.

Ka gaida Maimuna. Ina jiran amsa ta hannun Ubale direba.

Ni ce ƙanwarka,
Balaraba Gwadabe.


Doguwa.
23 ga Fabrairu, 1975.

Zuwa ga ƙanwata Balaraba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso ni ranar kasuwa. Na karanta, na kuma yaga ta don kada yara su tsinta.

Ki saurare ni da kyau. Tsufa ne, ba wani abu ba, kowane gida akwai irinsa. Abin da nake so ki riƙe shi ne kada kowa ya ji. Ko Baba Alasan, duk amincinsu, ban yarda ba. Gona ta tafi, gida ya tafi, kabarin Inna ma yana ƙarƙashin ruwa. Abin da ya rage wa mutumin nan sunansa ne. Tun kafin a haife mu, ba a saka iri a ƙasa a garinmu sai Malam Gwadabe ya ce a saka. Ba zan yarda a ƙarshen rayuwarsa a riƙa nuna shi da baki ba. Kin san mutanenmu. Yau su ce mantuwa, gobe su ce hauka, jibi su ce a jininmu abin yake.

Maganar kawo shi nan kuwa, ba yanzu ba. Kina kukan sanyinku ne don ba ki ɗanɗana namu ba. Nan tsakanin duwatsu muke, ruwan randa ba ya taɓuwa da safe, ɗakin da zan sa shi kuma rufin kwano ne. In na kawo shi a wannan yanayi ƙirjinsa zai kama. Ga ɗinkin Maulidi ya taru mini, keke ba ya hutawa, kin san kuma da shi nake ciyar da gida. Ki daure. Da an yi Maulidi, sanyi ya wuce, zan zo da kaina.

Ga bargo da hular sanyi na ba Ubale. Ki ci gaba da yadda kike yi, a gaisa a zaure a tashi. Ki gaishe mini da Baba, ki ce ina nan tafe.

Yayanki,
Jibrin Tela.


Sabuwar Marke.
9 ga Maris, 1975.

Yaya Jibrin,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Bargo ya iso, an gode, sai dai bai daɗe a jikin Baba ba. Ba a yi mako da zuwansa ba sanyi ya ɗauke ɗif kamar an ɗauke da hannu. Zafi ya sauko irin na tsakiyar bazara, mai sa gumi, har mutane suka koma shimfiɗa a tsakar gida. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin haka a watan Safar ba. Wasu suka ce ai dole, wannan uban ruwa da aka tare kusa da mu shi ya juya lokaci, daga yanzu damina da wuri za ta riƙa zuwa.

Zafin nan ya hana Baba zama. Sai ya fito tsakar gida ya ɗaga kai yana shaƙar iska, ya ce ina sunguminsa. Na ɓoye shi a bayan rumbu.

Ranar Talata bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, da cida da walƙiya. Aka kece da ruwa kamar a watan Agusta. Kashegari aka sake, ya ma fi na farko. Kwatami ya cika, kwaɗi suka fito, ƙasa ta jiƙe har tsawon hannu. Yaya, da ka ji ƙamshin ƙasar nan, kai ma da zuciyarka ta motsa.

Ranar Alhamis da hantsi na dawo daga rijiya ban tarar da shi ba. Sungumi ba ya nan. Tulun irin gero da muka liƙe bakinsa da laka tun kaka, na same shi a fashe. Na yar da guga na bi sawunsa.

A sabuwar gona na same shi. Wallahi da ka gan shi ba za ka ce akwai abin da ke damunsa ba. Yana sara, yana jefa iri, yana takewa da diddige, layinsa a miƙe kamar an ja igiya. Fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka tun muna Marke. Kafin in ƙarasa wurinsa mutane sun fara taruwa a bakin gona. Baba Alasan ya matso ya ce, “Sarkin Noma, lafiya? Shuka yanzu?” Baba bai ko ɗago kai ba, ya ce, “Ƙasa ta sha. Me kuke jira?”

Ɗahiru, wanda gonarsa ke jikin tamu, ya ce, “Amma ranka ya daɗe, ko shamuwa ba ta zo ba.” Baba ya ce, “To zauna ka jira ta, ita za ta ciyar da kai.” Aka yi dariya. Baba Alasan ya ce shekarun farin nan ma duk wanda ya bi maganar Gwadabe ya samu ko dami ɗaya, wanda ya ƙi ya tashi a banza. Daga nan kowa ya juya gida ɗaukar iri.

Ina tsaye a wurin, Yaya. Na buɗe baki, na tuna maganarka, na rufe. Kuma ba zan ɗora maka duka ba, ni ma da na ga yadda yake aiki sai na ce a raina ƙila ruwan nan ne ya dawo masa da hankalinsa, ƙila ya ga abin da mu ba mu gani ba. Sai da muka dawo gida yana wanke ƙafa ya ce mini, “Kande, gobe sai gonar bakin rafi.” Na zauna a ƙasa.

Zuwa Juma'a fiye da rabin gari sun shuka. Ka san bara ƙasar nan mai tsakuwa ba ta ba mu komai ba, irin da kowa ya zuba shi ke nan gare shi, ba wani a ajiye. Yanzu sanyi ya ɗan dawo, sama ta yi tas, babu ko ɗigon gajimare. Gero ya fara tsirowa, gwanin sha'awa, yara suna ta murna.

Don girman Allah ka gaya mini abin da zan yi. Akwai gidajen da ba su shuka ba tukuna, suna shirin yi.

Ƙanwarka,
Balaraba.


Doguwa.
13 ga Maris, 1975.

Balaraba,

Gaisuwa. Na ga takardarki, hankalina ya tashi ƙwarai.

Mu ma an yi ruwan nan a nan, har ya fi naku, amma ba wanda ya taɓa iri. Manoman nan sun ce ruwan wanke itatuwa ne, yakan zo jefi-jefi a ƙarshen sanyi ya wuce abinsa. Me ya sa kika bar sungumi inda hannunsa zai kai?

To, abin da ya faru ya faru. Iri dai ya riga ya shiga ƙasa, magana ba za ta fito da shi ba. In kika buɗe baki yanzu, ga asarar iri, ga tonon asiri, an yi biyu. Kuma wa ya sani? Baba bai taɓa kuskuren shuka ba. In Allah ya kawo wani ruwan cikin makon nan ko na sama, sai ki ga kowa yana sa masa albarka. Jiya ma na ga hadari ta wajen Riruwai. Waɗanda ba su shuka ba, ki bi ta wajen matansu ki ce a dakata, ba sai kin faɗi dalili ba.

Ki hana shi fita. Maulidi ya kusa, ina nan tafe.

Jibrin.


Sabuwar Marke.
28 ga Maris, 1975.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Alasan, mai unguwar Sabuwar Marke, zuwa ga ɗanmu Malam Jibrin ɗan Gwadabe. Gaisuwa da aminci da fatan alheri su tabbata a gare ka, kai da iyalinka.

Bayan haka, ban saba rubuta wa yaro takarda ba, amma an yi Maulidi an gama ba mu gan ka ba, abin da ke bakina kuma ba zai jira ba.

Ka riga ka ji labarin shuka. Tun daga wancan ruwa ba a sake ko yayyafi ba. Sanyin da ya dawo ya riƙe tsiron na ɗan lokaci, daga nan rana ta buɗe, irin wadda ba a taka ƙasa ba takalmi. Gero ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Waɗanda gonarsu ke kusa da ruwa sun gwada ɗauka a tulu da garwa, har mata da tsofaffi, amma wa zai shayar da gona da tulu? Yau in ka tsaya a bakin gona ba abin da za ka gani sai ramukan sungumi.

Ranar Litinin da ta wuce magidanta suka taru suka ce mu je wurin Sarkin Noma ya gaya mana mafita. Ba wanda ya tafi da faɗa, shawara muka je nema, kamar yadda muka saba. Balaraba ta tare mu a ƙofa ta ce ba ya jin daɗi. Na ce ko a kwance yake za mu gan shi. Muna cikin haka ya fito da kansa.

Muka zauna, na ce, “Gwadabe, shuka ta mutu. Yaya za mu yi?” Ya dube ni ya ce, “Bawan Allah, daga ina?” Na zaci wasa ne irin namu. Na ce, “Ni ne fa, Alasan.” Ya ce, “Alasan yaro ne, yana can rafi yana wanka. In kun ga babansa ku ce ya aiko mini da garmata.” Jibrin, mahaifina ya rasu tun kana goye. Ni da mahaifinka rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ya ci gaba da yi mana hirar mutanen da duk sun riga mu gidan gaskiya, mu kuwa ba wanda ya iya ɗaga kai. Ɗahiru ne ya fara tashi, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba sallama.

Da suka watse na tsare Balaraba, ta gaya mini komai tana kuka. Ban ga laifin tsoho ba, ciwo ne Allah ya ɗora masa. Ni ma ina da nawa kaso, don ni na fara cewa a bi shi. Amma kai da ka sani ka ce a yi shiru, ina so ka ji abin da shirun ya haifar. Gidan Ɗahiru bakuna tara ne. Jiya ya sayar da akuyoyinsa ya kwashi iyalinsa sun nufi Kano, ya ce ba zai zauna ya ga damina ta sauka yana kallo hannu wofi ba. Wasu gidajen suna ɗaure kaya. Mun nemi iri a kasuwar Ƙafin Maiyaki da ta Tudun Wada, ɗan abin da ke akwai ya fi ƙarfin wanda aka tasa daga garinsa. Ruwa ya raba mu da Marke amma bai raba mu da juna ba, tare muka taso, tare muka sauka. Yanzu ne garin yake watsewa.

Ba wanda ya zagi ƙanwarka. Amma mata sun daina shiga gidanku, in ta je rijiya sai hira ta tsaya. Da kun gaya mini, da ni zan zauna kusa da shi a zaure in rufa masa asiri fiye da yadda kuka rufa.

Ka zo. Haza wassalam.

Alasan Mai Unguwa.


Doguwa.
3 ga Afrilu, 1975.

Zuwa ga ƙanwata Balaraba,

Assalamu alaikum. Ban san da wace gaisuwa zan fara ba.

Takardar Baba Alasan ta same ni ina kan keke. Tun ranar ban sake ɗinka ko aljihu ba. Na ɗauki alƙalami in ba shi amsa har sau nawa, na kasa.

Na zaga ƙauyukan nan gida gida ina neman iri. Mutanen nan dawa suka fi shukawa, irin mai daɗewa a gona, sun ce a ƙasarku ruwa zai ɗauke kafin ta nuna. Gero kaɗan na samu. Na sayar da keken hawana na ƙara, duka bai cika buhu ba. Ga shi nan na ba Ubale. Ki kai wa Baba Alasan ya raba yadda ya ga dama, kada ki ɗebar mana ko tafi ɗaya.

Maimuna ta share ɗaki. Zafi ya sauko nan ma, maganar sanyi ta wuce. Ki haɗa kayanku ranar da Ubale zai dawo, ki sa Baba a gaban mota, ku taho gaba ɗaya. Ki rufe gidan kawai.

Na san za ki ce me ya hana ni zuwa da kaina. Balaraba, na je tasha ranar Talata, har na hau mota, na sauko. Ba zan iya shiga garin nan in haɗa ido da mutane ba. Ki yi mini wannan, shi ne na ƙarshe da zan roƙe ki.

Yayanki,
Jibrin.


Sabuwar Marke.
10 ga Afrilu, 1975.

Yaya,

Salamu alaikum. Iri ya iso, na kai. Baba Alasan ya raba da gwangwani, bai zagaya ba. Gida huɗu sun ƙara tashi.

Ubale zai zo maka ba tare da mu ba. Ga dalili.

Jiya da safe Baba ya tashi garau. Ya kira ni da sunana, ya tambayi lafiyarka, ya ce yaushe aka yi Maulidi bai sani ba. Ya ce in raka shi ya ga gona. Na so in hana, ya ce ƙafarsa ta yi tsami da zama.

Muka fita. Ya tsaya a gonar Ɗahiru, ya durƙusa, ya tona rami ɗaya da yatsa, ya fito da busasshen tsiro ya murza shi a tafin hannu. Ya tashi ya dubi gonaki har iyakar ganinsa. Ya ce, “Balaraba, wane watan muke ciki?” Na gaya masa. Ya yi lissafi da yatsu, ransa ya ɓaci. Ya ce, “Wane marar hankali ne ya sa mutane shuka a ruwan ƙarshen sanyi? Ko yaro ya san ba a binsa.”

Na kama hannunsa don mu koma gida.

Ya ce, “Ina raye a garin nan, a yi wannan ɓarna? Me ya hana su zo su tambaye ni?” Hawaye suna bin gemunsa. Ya ce, “Sun ga na tsufa ne, ko?”

Har muka iso gida yana tambayata wane ne. Ya ce ba zai bar garin nan ba sai ya san mutumin, ya ji daga bakinsa. Yau da safe ma da tambayar ya tashi, wannan karon mantuwar ta ƙi zuwa ta ɗauke masa.

Na yi maka shiru sau ɗaya, ba zan iya ɗaukar wannan ni kaɗai ba. Ka zo da ƙafarka. In ya sake tambaya, kai za ka ba shi amsa.

Ka gaida Maimuna da yara.

Balaraba.